Tuntuɓen Yaya

A daidai inda marigayi yayanta ya saba yin tuntuɓe, yau bai yi ba.

Kiɗan da ta tsara 'yan sautuka ne kaɗan, ana ta maimaita su har mai sauraro ya manta da kansa. Fiyano biyu ne: ta buga, shi ya cike gurbin. Tun rasuwarsa take zagaya zaurukan Kampala tana kiɗa tare da faifansa. A faifan akwai inda yatsansa ya makara, kullum a nan take jiransa.

Yau ta jira, ya wuce sumul. Ita ta makara.

Ana gama tafi ta tare mai kula da na'ura. "Wa ya sa ka gyara masa?"

"Mama, ni da ko wayata ban iya gyarawa ba? Faifan da muka sa jiya ne dai."

Ta koma gaban fiyanon ta zauna. Da yana raye, in ta tsare shi da maimaici a kan wurin nan, dariya yake yi ya ce, "Haƙuri, auta. Da zarar na iya, sai mu tafi gida."