Robar Da Aka Sa a Juye

Ina zare shokozobar gaban tsohon babur mai ƙafa uku, baƙin mai ya tsiyayo mini a hannu. Ashe robar da ke tare man a juye aka sa ta.

Na ɗaga ta don abokan aikina su gani. "Wane makaho ne ya yi wannan aikin?"

Gareji ya kwashe da dariya, ban da mai babur ɗin, wani dattijon manomi.

Dattijon ya ce, "Ɗana, mahaifinka ne ya yi. Lokacin idonsa ya fara tafiya, yana ɓoye muku. Shekara shida ina hawa yana yoyo, don kada ya ji na kai wa wani. Sai da ya rasu na kawo."

Na rasa inda zan sa kaina.