Miyar Ranar Haihuwa

Hye-ran ta shigo kicin ɗinta a birnin Krakow ta tarar da Bogumil, wanda ya daɗe yana neman aurenta, sanye da rigar girkinta yana murmushi. A kan tebur akwai kwanon miya, kusa da shi ƙaramin akwatin zobe.

"Bara a rana irin ta yau na ga kin dafa wannan miyar," in ji shi. "Na tambaya, aka ce miyar ƙasarku ce ta ranar haihuwa. Barka da zagayowar ranarki, gimbiya. Ban samu ganyen teku ba, sai na zuba alayyahu. An ce duk ɗaya ne."

Ta zauna ba ta cire rigar sanyi ba. Ganyen ya narke, ruwan ya yi kore.

"A watan Maris aka haife ni, Bogumil. Yau ranar ɗana Do-yun ce. Miyar da mai jego ke sha ce, ita na sha da na haife shi. Shi ya kamata ya riƙa shanta duk shekara yana tuna ni. Tun da muka binne shi, ni nake sha a madadinsa."

Murmushinsa ya ɗauke. Ya miƙo hannu ya kama yatsunta.

"Ki aure ni, Hye-ran. Ba mu tsufa ba. Za mu haifi wani."

Ta dube shi, ta dubi alayyahun. A hankali ta zare hannunta, ta tura masa akwatin ba ta buɗe ba.

"Nan ma an ce maka duk ɗaya ne?"

Ta miƙe ta ɗauko ragowar ganyen tekun da ta adana tun bara, ta jiƙa shi a ruwa. Kwano ɗaya ta fitar.