Filastar Idon Ƙiriniya

Ƙiriniya yana shekara shida aka lura idonsa na hagu yana karkacewa. In yana kallonka, sai ka rasa kai yake kallo ko ƙofar da ke bayanka. Sunan nan kakarsa ta wajen uba ce ta laƙaba masa, don yaron ko cinya ba ta riƙe shi. Ita ke renonsa da rana, saboda ubansa direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana gida ba, uwar kuma tana shagon ɗinki tun safe har yamma.

Uwar ta kai shi wurin likitan ido. Ta dawo da kwalin filasta mai taushi, ta manna masa ɗaya a idon dama, wato lafiyayyen.

Kaka ta saki baki. "'Yar nan, ba na hagun ne mai ciwo ba?"

"Haka likita ya ce, Inna. Kullum da rana, kada a cire."

"Ya faɗa miki dalili?"

"Layi ya yi yawa, Inna, ban tsaya tambaya ba."

Kaka ta gyaɗa kai kawai. Ku da kuka san tsofaffi, kun san irin wannan gyaɗa kan ba yarda ba ce.

Washegari uwar na fita, yaro ya tashi zai je wurin randa, ya yi karo da kujera, ya zube yana ihu shi ba ya gani. Zuciyar Kaka ta karye. Ta ɗora shi a cinya tana share masa hawaye.

"Yi shiru, angona. Yaran likitocin nan gajiya ce ke sa su rikicewa. Wa ya taɓa jin an yi targaɗe a hagu an ɗaure dama?"

Ta ɓare filastar a hankali, ta mayar kan idon hagu. Nan take yaro ya ga duniya tangaram, ya diro yana tsalle.

"Matata, kin fi likita!"

"Rufe mini baki, mijin da ko sabulu bai taɓa saya mini ba. Wannan sirrin miji da mata ne, ko uwarka kada ta ji."

Haka suka ci gaba. Da ta ga inuwa ta kai bakin ƙofa, alamar uwar ta kusa dawowa, sai ta mayar da filasta dama, ta shafe gefenta da babban yatsa, ta zauna tana jan carbi kamar ba ita ba. Ba mugunta ba ce, jama'a. Kunyar musu da suruka take ji, kuma a ranta gyara take yi wa likita a ɓoye don kada a ji kansu.

Duk komawar da aka yi asibiti, likita sai ya girgiza kai ya ce ba ci gaba, a ƙara lokacin rufewa. Uwar ta ƙara, Kaka ma ta ƙara nata. Shekara ta zagayo, wasu suka bi bayanta, har uwar ta gaji ta ɗan yi sanyi da zuwa.

Ranar da asiri ya tonu, uwar ba ta daɗe da haihuwar ƙanwarsa ba, sai ta roƙi Kaka ta raka su asibiti don ta riƙe mata jaririyar. Likita ya rufe wa yaron idon dama, ya nuna masa babban harafi a bango. Ƙiriniya ya ce shi hazo kawai yake gani.

"Yarona, kana barin filastar nan kuwa?"

"Ina bari mana. Da rana a nan take," ya nuna hagu, "in Mama ta kusa dawowa sai matata ta mayar nan."

Uwar ta juyo. Kaka ta gyara goyo, ta ce ai kuskuren ta gani ta gyara.

Likita ya ajiye abin hannunsa, ya jawo kujera kusa da ita. "Baaba, ƙwayar idon nan lafiyarta ƙalau. Ido ɗan aike ne, ƙwaƙwalwa ce ke gani. In uwa tana da 'ya'ya biyu, ɗaya mai sauri ɗaya mai nawa, wa take aika?"

"Mai saurin."

"To haka ƙwaƙwalwarsa ta yi, har ta manta da ɗayan. Mun ɓoye mai saurin ne don dole ta koyi aiki da mai nawan. Tana koyon wannan ne tun yaro yana ƙarami. Yanzu ya girma. Za mu gwada, amma abin da zai dawo kaɗan ne."

Ƙiriniya ya ce, "Zan dai tuƙa motar Baba, ko?"

Likita ya dafa kafaɗarsa, ya koma kan rubutunsa.

Kaka da unguwa ke jin muryarta tun daga bakin famfo, sai ga ta ta shige ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Surukar ba ta faɗa mata ko kalma mai zafi ba, don ita ma tana cizon yatsa kan tambayar da ba ta tsaya ta yi ba.

Wata yamma yaron ya shiga, ya zauna a gabanta, ya sa tafin hannu ya rufe idon dama.

"Matata, da wannan idon fa kin fi kyau. Ban ga tsufanki ko kaɗan ba."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, ta rungume shi. Tun ranar, duk inda za su, a hagunsa take tafiya, don kada wani abu ya zo masa ta gefen da ba ya gani sosai.

'Yan'uwa, so ba ya maye gurbin sani. In likita ya ba da umarnin da ya yi muku kama da kuskure, ku koma ku tambayi dalili, ku kuma bayyana wa mai renon yaron. Ƙwaƙwalwar yaro tana da lokacin koyon gani da ji, kuma ba ta jiran kowa.