Kaskar da ke Kwana a Bango

Yaya Tanimu, yau kwana arba'in da muka kai ka makwancinka, karenka Duna kuwa har yanzu a ƙofar ɗakinka yake kwanciya. Jiya Inna ta ga kaska tana hawa bangon zaure, shi ke nan Kawu Ɗanlami ya yanke magana: ranar kasuwa za a miƙa Duna ga masu sayen karnuka. Ka san inda suke kai su. Ban yi masa musu ba don babba ne, amma misalin nan da ka taɓa ba ni ya hana ni sakat.

Ka ce wasu manoma biyu ne, gonakinsu a gindin dutse inda birai ke sauka, kowa da karensa mai gadi. Damina ta kankama, ciyawa ta kai gwiwa, kaska ta cika kunnuwan karnukan, ƙuma ta hana su sukuni. Duk su biyun suka karɓo magani wajen malamin dabbobi, suka yi musu wanka, suka bi tsakanin yatsu suna cirewa. Kaka ta wuce, ciyawa ta bushe. Na farko ya duba karensa ya gan shi fes, ya rataye gwangwanin magani a jikin rumbu, ya ce sai kuma baɗi. Na biyun durƙusawa ya yi ya duba inda karen ke kwanciya. Ya san kaska ba mutuwa take yi da rani ba. In ta sha jini ta ƙoshi, sauka take yi ta shige tsagar bango, ta zuba ƙwai, 'ya'yan su yi lamo. Sai ya ƙone tsohon buhun da karen ke kwana a kai, ya share wurin, ya kwaɓa ƙasa ya liƙe kowace tsaga. Wanka da magani kuma bai fasa ba, har cikin zafin bazara. Maƙwabcin ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, amarya za a kawo wa karen ne, ake masa yaɓen ɗaki?" Ya ce, "Ƙwarai, kai ne ma abokin ango," ya ci gaba da aikinsa.

Da ruwan farko ya sauka, kaska ta fito daga bangon mai dariyar nan kamar an zubar da riɗi. Kafin ya sauko da gwangwaninsa karen ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari fat. Masara tana goyo ya mutu. Birai suka sauko suka yi biki a gonar, wadda ke kusa da ita kuwa ko kunya ɗaya ba su taka ba, don can akwai haushi.

Yaya, tun da ka kwanta jinya babu wanda ya kalli bangon nan, har da ni. Mu muka yi sake, ba Duna ba, kuma ba shi zai ɗauki laifinmu ba. Da safen nan na ƙone tabarmarsa, na wanke shi da ragowar maganin da ka bari, na kwaɓa ƙasa na fara daga kusurwar ɗakinka. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, zan riga shi gamawa. Ranar kasuwa Kawu zai zo da igiya, zai tarar da ni a bakin ƙofa, hannuna duk laka. In ɗaurewa ce, sai dai ya ɗaure mu tare.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna, ko Inna. Kai na fara gaya wa. In Kawu ya nemi dalili, zan kama hannunsa cikin ladabi in kai shi gaban ginin, ya duba da idonsa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.