Munduwar Kamfani

Tun da kamfaninmu ya ɗaura wa ma'aikata munduwar kwantar da hankali ban sake kuka ba. Mutanen unguwa kuwa rumfa aka kafa musu a bakin kasuwa. Duk Juma'a su bi layi, a ara musu munduwar na ɗan lokaci, a ɗauke su hoto.

Da mijin yayata Tasalla ya rasu, na same ta a tsakar gida tana ninke rigarsa tana warwarewa. Ba ci, ba barci.

Na ce, "Yaya, kin gwada rumfar?"

"Da takaba zan fita, Uwani? Na aika, suka ce sai na zo da kaina, saboda hoton."

Na cire tawa na ɗaura mata. 'Yar fitilar da ke jikin munduwar ta mutu, ashe fatata kaɗai ta sani. Nan take kuka ya taso mini, na yi sauri na mayar da ita hannuna.

Wata tsohuwa cikin masu gaisuwa ta ce, "Tasalla, ki yi koyi da ƙanwarki mana. Dubi tawakkali, ko ɗigon hawaye babu."

Na ja mayafi na rufe hannuna.