Furen Bado na Bikin Yaya

Ranar bikin yayata, ina 'yar shekara bakwai, na shiga fadama da hantsi na tsinko mata furen bado don ta riƙe a hoto. Kafin la'asar duk sun tsuke. Na kai wa Kaka ina kuka, na ce sun mutu.

Ta yi dariya. "Ke, ba mutuwa suka yi ba, kunya ce. Su ma amare ne."

Ta dinga buɗe su ɗaya-ɗaya da babban yatsa, ta ɗaure da kaba, ta ja ƙullin da haƙori.

Har yau hoton na sa ni dariya. Furannin duk sun buɗe, Yaya ce ta ƙi ɗago kai. Ita kam ta gagari Kaka.