Ƙarfen Bayan Shagon Alhaji Ilu

Alhaji Ilu ya toshe hanci, ya kai wa wani mai fitsari sanda. "Tir! Bayan shagona ne masai?"

Ya gaji da zarnin fitsarin 'yan kasuwar Maigatari. Ranar ya sa aka shinge wurin da ƙaya.

Ba a jima ba tarhon da ya haɗa shagon da sitonsa na hatsi ya mutu murus. Ga ranar kasuwa, ga fatake daga Damagaram suna jiran buhuna.

Bilya mai gyaran rediyo ya bi waya, bai ga inda ta tsinke ba. Ya ture ƙayar, ya tona gindin ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Yashin ya bushe ƙamas.

"Alhaji, waya ɗaya ce ke kai magana, ƙasa ke dawo da ita, daga ƙarfen sito zuwa wannan. In ba danshi, ba magana. A da, wa ke ba shi ruwa?"

Alhaji ya dubi kan tarhon da kullum yake karawa a kunne. Ya tofar da yawu.

"Wato tun fitowar naira, duk cinikina ta cikin fitsari yake biyowa?"